AMANAR YARO A SHEKARUNSA NA FARKO: DA WANE MUDU ZA MU AUNA AIKINMU?

(Wannan shi ne matanin laccar da aka gabatar a wani zama na iyayen yara da malaman makarantun Islamiyya a garin Gumel, wanda ya haɗa mahalarta daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Mun kawo muku ita gaba ɗayanta saboda muhimmancinta.)



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T.), wanda Ya azurta mu da zuriyya ba don wayonmu ba, Ya kuma ɗora mana nauyin kiwonta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, iyayena malamai, shugabannin makarantu, iyayenmu mata da ke sauraro daga wancan sashe, da sauran 'yan'uwa Musulmi, an umarce ni da in yi bayani a kan shirye-shiryen da ake kawowa ƙasarmu da sunan tallafa wa iyali da ilmantar da ƙananan yara, da kuma yadda za mu gane mai amfani daga marar amfani a cikinsu. Ni ɗalibi ne, kuma a wannan zaure akwai waɗanda suka karantar da ni. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda kuwa na yi kuskure ina roƙon a gyara mini.

DARASI DAGA SAYYIDINA UMAR (R.A.)

Zan fara da wata ƙissa da Ibn Sa'ad ya kawo a littafinsa na Ɗabaƙat. Wani ayarin fatake ya sauka a Madina a zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.), sai shi da Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) suka kwana suna gadinsu. Cikin dare Halifa ya ji kukan jariri, ya je ya yi wa uwar nasiha da ta kula da ɗanta, ya komo. Kukan bai tsaya ba, ya sake komawa. A zuwansa na ƙarshe ya tsananta mata magana, ita kuwa ba ta san da wa take magana ba, sai ta bayyana masa cewa yaye take ƙoƙarin yi wa yaron tun lokacinsa bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. An ruwaito cewa a sallar Asuba ta wannan rana da ƙyar mutane suke fahimtar karatunsa saboda kuka. Da ya sallame sai ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya gaggauta yaye ɗansa, domin daga yanzu kowane jariri yana da rabonsa tun daga haihuwa, aka kuma rubuta haka zuwa sauran garuruwa.

A cikin wannan ƙissa akwai darussa uku. Na farko, tallafa wa jariri daga dukiyar al'umma abu ne da magabatanmu suka yi tun ƙarni na farko na Hijira. Na biyu, kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ta sa tsari ya haifar da alheri ba; ga tsarin da adalin Halifa ya kafa don taimakon yara, amma sharaɗi guda da ke cikinsa ya zama sanadin cutar da su. Na uku, bai gano haka yana zaune a majalisa ba, sai da ya fita ya ji daga bakin uwar ɗa, kuma da ya gano bai tsaya kare kansa ba. Wannan shi ne asalin abin da muke nufi da auna shiri, wato muhasaba a kan aikin jama'a.

ME YA SA SHEKARUN FARKO?

Masana lafiya suna magana a kan kwana 1,000 na farko, wato kimanin kwana 270 na goyon ciki da kwana 730 na shekara biyun farko. A wannan tsakani ne jiki da ƙwaƙwalwa suke ginuwa da saurin da ba za su sake yi ba har abada. Yaron da ya rasa abinci mai gina jiki a lokacin, ko cututtuka suka yi ta kayar da shi, yakan tsumbure, tsayinsa ya gaza na sa'o'insa, kuma sau da yawa abin yakan taɓa fahimtarsa idan ya shiga makaranta. Mai karatun Alƙur'ani ba zai yi mamakin wannan ba, domin aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, ta kuma ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a wuyan uba.

To, yaya lamarin yake a wurinmu? Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Jihar Jigawa kuwa adadin ya haura kashi 60 cikin 100. Ma'ana, a lokacin, cikin kowane yara biyar da ke wasa a ƙofar gida, uku ba su kai tsayin da ya kamace su ba. Mun saba ganinsu har idonmu ya daina lura, mukan ce ai gadon gajarta ne.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya san wannan ƙasa. Daminarmu gajeruwa ce, rumbu kan ƙare kafin sabon gero ya nuna, maigida kuma ya tafi cin-rani ya bar mai ciki da abin da bai taka kara ya karya ba. Amma talauci bai ɗauke mana laifi duka ba. Akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, alhali shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri. Akwai masu ɗura wa ɗan mako guda ruwan randa ko jiƙo, sai gudawa ta biyo baya. Akwai kuma wanda zai loda riɗi da wake da gyaɗa ya kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya komo da sabuwar waya, yaron da aka yaye kuwa kunun gero tsura yake sha safe da yamma.

SHIRIN DA AKA GWADA A GAGARAWA

'Yan'uwanmu na Gagarawa za su tuna da shirin tallafin renon yara da ake kira CDGP a taƙaice, wanda ya gudana daga 2013 zuwa 2019. Hukumar raya ƙasashe ta Ingila ta wancan lokaci, wato DFID, ita ta ba da kuɗin, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar. An yi shi a ƙananan hukumomi biyar: Anka da Tsafe a Jihar Zamfara, sai Buji da Kirikasamma da Gagarawa a Jihar Jigawa.

Shirin yana da ƙafa biyu. Ƙafa ta farko kuɗi ne: ana bai wa mace Naira 3,500 kowane wata tun daga lokacin da aka tabbatar tana da ciki har yaron ya cika shekara biyu, daga baya a 2017 aka mai da shi Naira 4,000. A hannunta ake danƙawa, ba a kuma gindaya mata sharaɗin abin da za ta saya ba. Ƙafa ta biyu wayar da kai ne a kan zuwa awon ciki, da shayar da jariri nan take bayan haihuwa, da ba shi nono zalla har wata shida, da irin abincin da za a haɗa masa bayan nan, da tsafta, da gaggauta kai shi asibiti. An bi ta rediyo da hotunan bango da gwajin girki a bainar mata, an kuma bi ta huɗubar Juma'a da malaman Islamiyya. A wasu ƙauyukan an ƙara da zaman ƙungiyoyin iyaye da ziyarar gida-gida.

Abin da ya sa na zaɓi wannan shiri shi ne yadda aka auna shi. Ku ɗauki misalin manomi da aka kawo wa sabon taki. Idan ya zuba a gonarsa duka, aka yi damina mai albarka, ba zai san ko takin ne ya yi aiki ko ruwan sama ba. Manomi mai hankali sai ya raba gonar, iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ya zuba a wani ɓangare ya bar wani, ranar girbi ya ƙirga dammunan kowanne. Haka masu binciken suka yi. Sun ɗauki ƙauyuka 210, aka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu suka fara samun shirin tun farko, wasu aka jinkirta musu sai daga baya. Ƙuri'a kuwa ba baƙuwa ba ce a Shari'a, domin ya tabbata Manzon Allah (S.A.W.) yakan yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya, amfaninta shi ne ta toshe ƙofar son rai. Sai aka bi mata masu ciki kimanin 3,600, aka yi musu tambayoyi a 2014 kafin a fara, aka komo a 2016 da kuma 2018 ana auna tsayin 'ya'yansu da nauyinsu.

A 2021 wasu masana, cikinsu har da Pedro Carneiro da Imran Rasul, suka buga natijar a mujallar American Economic Review. Sun sami cewa bayan shekara huɗu tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin 100 a ƙauyukan da suka fara samun shirin, lafiyar yaran kuma ta inganta. Sanin iyaye game da renon jariri ya ƙaru, har da na maza. Wani abin lura kuma, kuɗin bai sa matan sun naɗe hannu ba. Sun ƙara himma ga sana'a, sun sayi dabbobi, dabbobin suka samar wa yara abinci mai gina jiki, suka kuma zama hanyar samu bayan an daina biyan kuɗin.

Ya ku 'yan'uwa, adalci ya wajabta mu faɗi abu biyu a nan. Na ɗaya, shirin ya yi amfani, kuma an tabbatar da amfanin da hujja. Waɗanda suka ce kuɗi a hannun mace ɓarna ne, lissafi ya ƙaryata su, dama kuwa Musulunci ya riga ya tabbatar wa mace haƙƙin mallakar dukiyarta. Na biyu, kada murna ta rufe mana ido. Ragin kashi 8 cikin 100 yana nufin cewa a inda yara 100 za su tsumbure, an kuɓutar da 8, saura 92 suna nan. Rijiyar da ake sha ba ta canja ba, nisan asibiti bai ragu ba. Sannan cikin ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, ɗaya ce kawai ta shiga. Shirin ya rufe a 2019, kuma kowa ya san abin da Naira 4,000 za ta iya saya a kasuwa bayan tashin farashin da ya biyo bayan cire tallafin mai a 2023. Tuwon maƙwabci ba ya raba ka da yunwar gobe.

ABIN DA AKA GANI A WASU ƘASASHE

Kada mu ɗauka duk shirin da ya haɗa kuɗi da wa'azi zai ba da irin wannan sakamako. A maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, gwamnati ta gudanar da shirin bai wa matalautan gidaje Sefa 10,000 kowane wata, aka haɗa wa wasu ƙauyuka da tarurrukan koyar da reno. Binciken da Patrick Premand da Oumar Barry suka yi a yankunan Doso da Maraɗi ya nuna cewa koyarwar ta gyara yadda iyaye suke kula da yara, ta kuma ɗan kyautata halayyar yaran da mu'amalarsu, amma ba a ga canji a tsayinsu ko kaifin fahimtarsu ba. Kuɗin shi kaɗai kuwa bai canja yadda ake reno ba. Mutane iri ɗaya da mu, ƙasa iri ɗaya da tamu, amma sakamako ya bambanta. Shi ya sa ba a yanke wa shiri hukunci da sunansa, sai an auna.

A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa wata 24. Wasu aka riƙa ba su ƙarin abinci, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya takan ziyarci gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta ambata masa sunayen abubuwa, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka neme su. Waɗanda aka yi wa ziyarar wasa, abin da suke samu a sana'a ya ɗara na 'yan'uwansu da ba a yi wa ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Tasirin ƙarin abincin kuwa bai daɗe haka ba.

Haka kuma a garin Ypsilanti na Amurka, daga 1962 zuwa 1967, an gwada makarantar share fage ta Perry da yara 123 'ya'yan talakawa. Da farko makin yaran da suka shiga ya tashi, bayan 'yan shekaru fifikon ya dushe, har wasu suka ce an yi asarar kuɗi. Da aka bi su har suka manyanta sai aka tarar sun fi takwarorinsu kammala karatu da riƙe aiki, sun kuma fi su nisantar gidan yari. Abin da ya zauna a jikinsu shi ne natsuwa da ladabi da juriya, wato abin da mu muke kira tarbiyya. Darasi a nan shi ne, wanda ya auna da wuri, ko ya auna abin da bai kamata ba, zai yi hukunci bisa kuskure.

MU DUBA NAMU MAKARANTUN

Yanzu bari mu juyo gida, domin ba daidai ba ne mu auna aikin wasu mu bar namu. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilmin tushe, tsarin ilmi na ƙasa na 2013 kuma ya tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Ban da na gwamnati, ga makarantun nazare na kuɗi, ga kuma azuzuwan rauda da mu kanmu muka buɗe a Islamiyyunmu. Tambayar ita ce, me ke faruwa a cikin ɗakin?

Na taɓa shiga wani aji a wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba. Yara 'yan shekara uku zuwa huɗu sun cika ɗaki maƙil a kan tabarma, malama guda, ita ma yarinya ce da ba ta daɗe da gama sakandare ba, da tsumagiya a hannunta. Tun safe suke rera haruffan Turanci da ƙarfi. Na ɗauki alli na rubuta harafi ɗaya a allo, na tambayi na gaba, ba wanda ya gane shi. Babu randar ruwa, babu makewayi, wasu sun yi barci a zaune. Da na yi magana da shugaban makarantar sai ya nuna mini rajista, yana alfahari da yawan yaran da aka rubuta. Wallahi ban ga laifin malamar ba, domin ba a koya mata ba, kuma abin da ake biyanta bai kai ya riƙe ta ba. Laifin namu ne da muka mai da yawan kai shi ne ma'aunin nasara.

Abu uku nake so mu duba. Na farko, harshe. Yaron da bai gama ƙwarewa a harshen uwarsa ba, idan aka rufe shi da baƙon harshe, sai ya koma aku. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun gwada koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Mu da muka yi karatu da Larabci mun san cewa malamanmu na zaure da Hausa suka fassara mana Ahalari da Ishmawi, shi ya sa suka zauna.

Na biyu, duka. Ibn Haldun ya keɓe fasali a Muƙaddimarsa yana bayanin cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, musamman ƙarami, tana kashe masa himma, tana koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. Tun kafin shi, Ibn Sahnun na Ƙairawan, malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai inda ya ɗaure horo da sharuɗɗa. Idan salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, sai yaro ya kai shekara bakwai ake umartarsa da ita, da wace hujja muke zane ɗan shekara huɗu don ya kasa kawo hadda?

Na uku, wasa da tausayi. Ya tabbata Manzon Allah (S.A.W.) ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, ya kuma taƙaita salla saboda ya ji kukan yaro, don kada hankalin uwar ya tashi. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ba a yaba masa ba. Abin da aka gano a Jamaika bayan shekara 20 na bincike yana nan cikin Sunna. Amma a cikinmu akwai uban da yake ganin zubar da girma ne ya ɗauki ɗansa a gaban mutane, akwai kuma uwar da kunyar ɗan fari ta hana ta yi masa magana. Kunya alheri ce, sai dai wadda ta tauye haƙƙin yaro tana bukatar gyara.

MUDUN AWO

Game da shirye-shiryen da ke zuwa daga waje, mutanenmu sun kasu biyu. Wasu da sun ji an ce daga Turai abu ya fito sai su rufe ƙofa, ko da maganin ɗansu ne a ciki. Wasu kuma da sun ji akwai kuɗin zama sai su sa hannu ba tare da sun karanta ba. Duka biyun sun kauce. Musulmi mai bincike ne kafin ya karɓa, mai bincike ne kafin ya ƙi. Ga tambayoyi bakwai da nake ba da shawara mu riƙa yi wa kowane shiri, na gwamnati ne, na ƙungiya ne, ko namu na kanmu:

1. Wane ne ya kawo shi, da kuɗin wa, kuma me yake so ya cim ma? A faɗa mana a fili, da Hausa, a gaban malamai da masu unguwanni.

2. Akwai abin da ya saɓa wa Shari'a a cikin saƙonsa ko hanyar gudanar da shi? A kawo littattafan a karanta, kada a yi hukunci da jita-jita.

3. Wa yake kaiwa gare shi? Matar da ke rugar Fulani ko ƙauyen da mota ba ta shiga da damina ta samu, ko kuwa a gidajen masu faɗa-a-ji ya tsaya?

4. Me ya canja a jikin yaro da halinsa? Yawan taro da yawan hotuna ba sakamako ba ne.

5. Da wa aka gwada? Idan babu waɗanda aka kwatanta da su, to, ba a san ko takin ne ko ruwan sama ba.

6. Wace ɓarna ya haifar ba da niyya ba? A tambayi iyaye mata a keɓe, ta bakin mata 'yan'uwansu, kamar yadda Sayyidina Umar ya ji daga bakin uwar jariri.

7. Ranar da masu shi suka naɗe tabarmarsu, me zai rage a garin?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba zan sauka ba sai na ambaci abin da za mu iya yi da hannunmu, ba tare da jiran kowa ba.

Da farko, iyaye maza. Ciyar da mai ciki da mai shayarwa wajibi ne a kanku, tallafin wata ƙungiya bai sauke muku shi ba. Kafin a kai amfanin gona kasuwa, a ware mudun wake da gyaɗa da riɗi na yara. Ƙwan da kazar gida ta saka, yaron da aka yaye ya fi kasuwa bukatarsa. Zogale da kuka kuwa ba sai an saya ba.

Na biyu, azuzuwan matan aure. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke ɗaukar karatu su kai wa mata a ƙauyuka. Ziyarar gida-gida da ake yabo a yau, ga asalinta a tarihinmu. Ina ba da shawara kowace Islamiyyar matan aure ta ware darasi guda a mako a kan reno, a gayyato ma'aikaciyar lafiya ta garin ta zauna tare da malama.

Na uku, awo. Akwai ɗan zaren awo mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin tamowa mai tsanani, a kai shi asibiti a ranar. Koyon amfani da shi ba ya cin awa guda. Me zai hana kowace makarantarmu ta mallake shi?

Na huɗu, malaman ƙananan azuzuwa. Mun saba tura mafi ƙarancin ilmi da mafi ƙarancin albashi zuwa ajin 'yan ƙanana, alhali nan ne tushe. Ga Kwalejin Ilmi a nan Gumel, aikinta ke nan horar da malamai. Shugabanninmu su je su nemi a shirya wa malamanmu bita a lokacin hutu.

Na biyar, zakka da wakafi. Tunda an ga abin da dabba take yi a hannun uwa, kwamitocinmu su duba yiwuwar sayen awaki a bai wa matalautan mata masu ciki, idan akuya ta haihu a miƙa 'yar ga wata.

Na shida, muhasaba. Kowace makaranta ta buɗe littafi, a rubuta halin kowane yaro a farkon shekara: abin da ya iya, lafiyarsa, da yawan fashinsa. A ƙarshen shekara a sake dubawa, a tara iyaye a karanta musu, mai daɗi da marar daɗi. Idan Allah Ya kai mu baɗi war haka, mu haɗu a nan, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kowa ya zo da littafinsa.

Ya ku bayin Allah, yaron da ke goye a bayan uwarsa yau ba zai jira mu gama gardama ba. Kwanakinsa 1,000 suna tafiya, kuma ba sa komowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da za a tambaye mu game da kiwon da aka ba mu, ba za a karɓi uzurin cewa shirin Turawa ya ƙare a 2019 ba.

Allah Ya shirya mana zuriyyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa iyayenmu mata da alheri bisa wahalar da suke sha, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Abin da na yi kuskure Allah Ya yafe mini, ku ma ku yafe mini.